Yadda Dagny Ta Kashe Iyayena Ranar Asabar

A tsibirinmu har gobe akwai masu rantsuwa cewa Dagny Holm, 'yar kawuna, da hannunta take rubuta kowane shafin intanet a daidai lokacin da mutum ya latsa wayarsa. Wai tana nan zaune a ɗakin saman tsohon gidan madara, da zarar wani a can tsallake ya nemi sanin lokacin tashin bas, sai wata 'yar ƙararrawa ta kaɗa a gefenta, ta dire kofin gahawa, ta rubuto masa shafin kafin ya ƙifta ido. Shafi dubu goma sha ɗaya a wuni, ban da na ranar Lahadi. Wai shi ya sa yatsunta suke cinyewa kamar alli, har likita ya auna ya ce manuninta ya ragu da santimita guda, kuma nan da shekara goma da gwiwar hannu za ta riƙa aikin.

Ƙarya ce tsagwaronta. Na sani, don ni na ƙirƙiro ta. Aikina ɗaure igiya da jera motoci a jirgin fito, wata Talata kuwa iska ta tsayar da mu awa biyu a tsakiyar ruwa, mutane duk sun ƙosa, ni kuma ba na iya ganin mutum a ƙose in yi shiru. Mutum biyu kacal na faɗa wa. Kafin mu sauka maganar ta kai kunnen matuƙin jirgi, bayan mako guda wata tsohuwa ta saƙa wa Dagny safar hannu ta kai mata har gida, ta ce ta riƙa hutar da yatsun nan.

Gaskiyar ta fi ƙaryar ban haushi. Dagny ba ta rubuta shafi dubu goma sha ɗaya. Ɗaya take rubutawa, shi ɗin ma ba ta ƙarasa shi, sai ta bar shi duk huji, kuma a biya ta. Ni da na bar makaranta a aji tara, malamai na ɗaga mini hannu ta taga suna murna, sai da ta yi mini bayani sau uku. Na ukun ne ya shiga, don a kicin aka yi shi, tana soya wainar Kirsimeti, irin tamu mai kamar ƙwallo.

"Viggo, ka ga tandar nan?" ta ce. "Sau nawa aka ƙera ta?"

"Sau ɗaya."

"Waina nawa ta soya tun zamanin Kaka?"

"Ni kaɗai na ci dubu huɗu."

"To aikina ke nan. Tanda nake ƙerawa, mazubi muke ce masa. Nan gurbin suna, nan na lokaci, nan na hoto. Idan mutum ya nemi shafi, babbar na'urar da ke can, wadda ake kira saba, ta ɗebo bayanan ta zuba a gurabe, ta soya, ta miƙa masa da zafinsa. Wani ya zo, a zuba nasa."

"Wato ke dai ba kya yin komai."

"Sauke hannunka daga farantin nan."

Abin a jininta yake. Titinmu guda ne, daga tashar jirgi zuwa coci, da ramuka arba'in na kafa sandunan tuta a gefensa. Idan wani ya cika sittin ko saba'in, ko ana aure, ko an yi rashi, 'yan ƙungiyar tuta su fito ƙarfe takwas su kakkafa sanduna. Duk wanda ya ga tuta kuwa tambayarsa ɗaya ce: ta wa ce? Shekara talatin da ɗaya Kawu Ebbe, mahaifin Dagny, yana amsa wannan tambaya da alli, a allon da ke ƙofar kantin gari. Suna a sama, dalili a tsakiya, lokaci a ƙasa. In rasuwa ce ya zagaye sunan da layi mai kauri. Dagny tana shekara tara ta gaji da ganin yana gwada layuka da igiyar takalmi kullum, ta sato fenti daga wurin gyaran kwale-kwale ta ja masa layukan sau ɗaya, na dindindin. Sauran yara a shekarun nan kifi muke sata. Ita layi ta ja.

Daga nan aka san ba za ta zauna ba. Ta tafi Kopenhagen, ta yi karatu har ya ishi karatun, ta yi shekara goma sha bakwai tana ƙera wa kamfanoni mazubai. Sai wani sabon yayi ya shigo. Wai a daina soya shafi a saba, a riƙa aika wa wayar mutum gari da ƙwai da madara, da tandar kanta, ya soya abinsa. Dagny ta ce ita ba a yi mata tarbiyyar miƙa wa baƙo ƙullu ba. Ta ce mai sabuwar waya a tsakiyar birni zai soya, amma masunci a bayan tsibiri da tsohuwar waya da layi ɗaya na sabis zai zauna yana kallon farin fili har kifinsa ya yi wari. Ni na ba da labari cewa ta ɗaga shugabanta ta zaunar da shi a kan injin gahawa. Ita ta ce takardar barin aiki ta rubuta, layi biyu. Ku zaɓi wanda ya fi muku.

A shekarar ne Kawu Ebbe ya rasu. Ta dawo jana'iza, ba ta koma ba. Ta kama ɗakin saman gidan madara tana yi wa mutanen tsallake aiki daga nan, masu bas, da masu sayar da iri, da wata makarantar koyon ninƙaya. Allon kuwa ya faɗa hannun Holger, shugaban ƙungiyar tuta, tsohon matuƙin jirgin kaya, wanda rubutunsa ya yi kama da sawun kaguwa a yashi. Wata uku mutane na tsayawa gaban allo suna gardama ko wane ne ya mutu. Abin ya ishi Dagny. Wata Asabar ta rufe ƙofa, Litinin ta fito da shafin da ta sa wa suna Ta Wa Ce Yau. Suna a sama, dalili a tsakiya, lokaci a ƙasa, baƙin layi mai kauri in rasuwa ce. Har ɗan karkacewar da Kawu ke yi wa layin ƙasa ta sa. Ban faɗa mata na lura ba, kada ta ɗauka ina da zuciya. Holger aikinsa kawai ya cika gurabe uku a wani ɗan fom a wayarsa da yatsa ɗaya, saba ta yi sauran.

Duk ayyukan da ake biyan ta ba ta kula su kamar wannan da ba a ba ta ko sisi. Kowace safiya shi take fara buɗewa kafin ta sa ruwa a wuta. Shekara shida bai taɓa tuntuɓe ba, kuma ba ta bari mu manta. Dagny dai mace ce da ban taɓa jin ta ce "yi haƙuri" ba. Muna shekara bakwai ta tura ni cikin ruwan tasha, da aka tambaye ta ta ce ruwan ne ya matso.

To, sai iyayena suka cika shekara hamsin da aure.

Innata Gerda ƙanwar Kawu Ebbe ce, goggon Dagny ke nan. Ta yi shekara biyu tana shirin wannan Asabar ɗin. Babana Verner ya yi shekara biyu yana tsoron jawabin da zai yi. Ana saura kwana huɗu tsoho Aksel mai gyaran raga ya rasu yana da shekara casa'in da ɗaya, iyalinsa suka sa jana'iza Asabar ɗin, sha ɗaya na safe, don ranar ce 'ya'yansa za su samu ƙetarowa. Ba wanda ya ga matsala. Doka a fili take: a sassauta tuta zuwa rabin sanda har a sa mamaci a ƙasa, sannan a ja ta sama, sauran wunin na masu biki ne. Inna da kanta ta ce Aksel mutumin kirki ne, ta bar masa safiyar. Ranar Juma'a da yamma Holger ya shigar da sunan Aksel kusa da na iyayena da yatsansa ɗaya, ya tafi shan miya.

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar muna ƙarƙashin tagar iyayena, mu kusan sittin, an yi wa ƙofar gida ado da ganye yadda muke yi wa masu biki, mai ƙaho yana busa, muna rera waƙar tashin ma'aurata. Dagny na gefena riƙe da takardar waƙa, wayarta a kashe a aljihu don ita mai ladabi ce. Inna ta buɗe taga tana nuna mamaki, da gashinta a gyare tun jiya. Aka shiga aka sha gahawa da burodi mai zafi. Duk wanda ke gidan ya ga iyayena da idonsa, suna taunawa.

Wanda ba ya gidan kuwa wayarsa ya duba. Ga abin da shafin ya nuna wa ƙauyukan bayan tsibiri, da dangi na tsallake, da duk wanda ke cikin jirgin farko. Baƙin layi mai kauri. Hoton tuta a rabin sanda. A sama an rubuta: Yau muna ban kwana da. A ƙasa Aksel Munk, shekara casa'in da ɗaya. A ƙasansa kuma Gerda da Verner Lund, shekara hamsin tare.

Shekara hamsin tare! Wa zai karanta wannan bai zubar da hawaye ba? Mutane suka ce tare suka tafi, hannu cikin hannu, a daren jajiberin bikinsu. Wasu suka ce hayaƙin murhu ne. Wata ta ce ita dama ta ga Verner ya yi fari ranar Laraba. Mai sayar da furanni, wadda ba ta zo waƙa ba saboda aikin Aksel, ta karɓi kira goma sha huɗu kafin ƙarfe takwas da rabi, ta yi ta ɗaure furannin makoki tana kuka, ba ta tsaya tambaya ba. Jirgin tara da minti goma ya sauke dangi, rabi da kayan biki, rabi sun koma gida sun sauya baƙaƙe. Suka ɗaga kai, ga tuta arba'in a rabin sanda daga tasha har coci. Waya ta faɗa, titi ya tabbatar. Me ya rage?

Ni na buɗe musu ƙofa. Wata 'yar'uwar Baba ta faɗo jikina tana cewa, "Viggo, maraya, Viggo!" Ni kuwa da man shanu a gemu. Na ce wa ya mutu? Ta ce kaito, bai ma sani ba. Sai Inna ta leƙo daga kicin riƙe da butar gahawa ta ce, "Ku cire takalma." Ihun da matar nan ta yi, tsuntsayen tasha ba su dawo ba sai Litinin.

Aka miƙa wa Dagny waya. Na sha ganin fuskar mutum ta sauya, a jirgi nake aiki, amma ban taɓa ganin wadda ta yi launin madara haka ba. Ta zauna a teburin kicin tsakanin faranti, ta ciro 'yar kwamfutarta daga jaka, don har wurin waƙa da ita take zuwa. Minti huɗu. Layi biyu ta ɗaga daga wani wuri ta mayar wani wuri. Iyayena suka dawo duniya.

Daga baya na matsa mata sai da ta faɗa mini abin da ya faru. A mazubin akwai tambaya guda: mutuwa ce ko murna? Kamata ya yi saba ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya tana yi wa kowane wannan tambayar. Ita kuwa Dagny a ƙofar ranar ta dasa tambayar, sau ɗaya: yau akwai mutuwa? In akwai, duk wanda ya shigo ranar ya sha baƙin layi. Shekara shida ba a taɓa haɗa rasuwa da biki rana ɗaya ba, don mu ba mu da yawa, kuma muna mutuwa bi da bi cikin tsari. A allon mahaifinta ma suna ɗaya ne a rana, in biyu suka haɗu sai ya ja layi da hannu ya raba. Ta kwafi allon, ba ta kwafi hannun ba.

Baba dai abin ya yi masa daɗi. Ya ja ni gefe ya ce, "Tunda na mutu, dole ne jawabin?" Ya yi shi, mutane suka yi kuka fiye da yadda jawabin ya cancanta, don hawayen na nan a kusa tun safe. Inna ta yi rawa, ta yi murmushi a hoto, ta jera furannin makoki goma sha huɗu a bayan gida kusa da itacen wuta. Ba ta kalli Dagny ba ko sau ɗaya.

Litinin Dagny ta je gidan. Da furanni ta je, ku ji basira.

"Kai su baya," in ji Inna, "ga 'yan'uwansu can."

"Goggo, an gyara. Ba zai sake faruwa ba."

"Wa ya gyara?"

"Ni."

"Wa ya ɓata?"

Dagny ta dubi ƙasa. "Tambayar ce ta zauna a inda bai kamata ba."

"Oho. Da ƙafarta ta je." Inna ta ci gaba da yanka baƙin burodi. "Ke Dagny, ni na yi miki wankan farko. A gaban duniya kika kashe ni, a kicin za ki tashe ni? Inda kika sa ni cikin baƙin layi, nan za ki ba ni haƙuri, kowa ya karanta. In ba haka ba, taron ƙungiya saura mako biyu. Zan ce a rufe abin nan a koma allo."

Ba barazanar banza ba ce. 'Yan ƙungiyar tuta goma sha huɗu ne, tara daga cikinsu shekara ashirin suna cin kek ɗin Inna bayan kafa sanduna. Mutum ba ya ƙuri'a a kan cikinsa.

Na hau ɗakin gidan madara ranar Alhamis don in taimaka, wato in ji daɗi. Na same ta zaune tana kallon shafin, ranar ba tuta, fili fari da layukan Kawu kawai.

"'Yar Kawu, mene ne wahalar? Kalma biyu ce. Buɗe shafin ki rubuta."

"Wane shafin?"

"Wannan da ke gabanki mana."

"Viggo, babu shi. Ba a ajiye yake a wani wuri ba. Sai an nema ake soya shi, wanda ya nema ya cinye, shi ke nan. Abu biyu ne kawai: mazubi, da abin da Holger ke zubawa."

"To rubuta a mazubin."

"Sai ya fito kullum. Ranar auren wani, ina ba da haƙuri. Ranar jana'izar wani, ina ba da haƙuri. Wanda ya koma duba shekara huɗu baya ma ya tarar da ni ina ba da haƙuri."

"Ni dai ban ga aibu ba. To Holger ya zuba shi a gurbin murna."

"Ya fito: Muna taya Dagny Holm murna."

"Na rasuwa fa?"

Ta dube ni. Na matsa kusa da ƙofa.

"Sai dai in sassaƙa iri na uku," ta ce a hankali. "Murna, rasuwa, da ban haƙuri. Baba bai taɓa yin iri na uku ba."

"Kawu bai taɓa kashe ƙanwarsa ba."

Ta jefe ni da safar hannun tsohuwar nan. Amma na ga inda abin yake mata ciwo, kuma ba a kalma biyun ba ne kaɗai. In ta taɓa mazubin, ya daina zama allon mahaifinta sak. In ba ta taɓa ba, a rufe shi, a mayar da mu hannun kaguwar Holger.

Taron ranar Lahadi aka yi da rana, a zauren gari, da miyar wake rawaya da gahawa. Ni ba ɗan ƙungiya ba ne, amma ni na ɗauko tukunyar, ba wanda ya iya korata. Inna ta zauna a gaba da jakarta a cinya. Baba na gefenta yana kallon rufi. Holger ya buga cokali a kofi ya karanta batu: ko a rufe Ta Wa Ce Yau, ko a bar shi.

Dagny ta miƙe. Ta ce ta yi iri na uku, yana nan a shirye, ranar da Goggo ta zaɓa za a sa. Ta faɗe shi kamar mai karanta lokacin jirgi, ta zauna. Inna ta gyaɗa kai sau ɗaya. Na ɗauka an gama, har na fara hararar kek.

Sai Holger ya yi gyaran murya ya ciro littafin dokoki, wanda ya fi ni tsufa.

"Akwai doka ta uku," ya ce. "Ba a rubuta komai a allo sai abin da ake wa tuta. Ebbe ne ya kawo ta, lokacin da mutane suka dame shi da cigiyar kyanwa. Shafi kuwa allo ne, haka muka amince shekara shida da suka wuce. To in ban haƙurin Dagny zai hau, sai mun kafa sanduna."

Wani ya ce, "Duka arba'in?"

"Ba mu da dokar kafa rabinsu," in ji Holger.

"Sama ko rabin sanda?" in ji wata daga baya.

Nan aka yi minti arba'in, ban ƙara ko ɗaya ba. Wasu suka ce rabin sanda, ai abin kunya ne. Wasu suka ce ba wanda ya mutu, kuma rabin sanda ne ya jawo mana wannan tun farko. Wani tsohon manomi ya ce a tsaya kashi uku cikin huɗu, Holger ya ce shi bai taɓa jin irin wannan rashin tarbiyya ba. Baba ya ɗaga hannu, karo na farko a tarihin ƙungiya, ya ce shi a matsayinsa na mamaci yana ganin... Inna ta taka masa ƙafa.

"Sama," in ji Inna. "Har ƙololuwa. Shekara arba'in da shida nake jiran yarinyar nan ta ce yi haƙuri. In wannan ba abin murna ba ne, ban san abin murna ba."

"Akwai kuma doka ta biyar," in ji Holger, don shi in ya buɗe littafin nan ba ya son rufewa. "Wanda ake wa tuta ba ya ɗaukar sanda. Kuma yana bin titi daga tasha zuwa coci ya gaisa da masu kafawa."

Kowa ya juya ya kalli Dagny. Wannan mace ce da ranar da ta cika arba'in ta shiga jirgi ta wuni tana kai da komo don kada a rera mata waƙa. Na ga wuyanta ya yi ja har kunne. Ƙofa na bayanta, taku uku. Da ta fita, da ba wanda zai ce mata komai, sai dai a sayo alli.

"Wace rana?" ta ce.

"Laraba," in ji Inna. "Ranar da jirgi ya fi cika."

Aka kaɗa ƙuri'a, sha ɗaya da uku, shafi ya tsira. Ukun nan ma biyu ba su ji tambayar ba ne.

Laraba gari ya waye tas, iska daidai ta kaɗa tuta. Ƙarfe takwas tutocinmu masu ja da fari suka cika titi daga tasha har coci. Muka sauke jirgin farko, na ga mutane na ɗaga kai, sannan su sunkuya kan waya, ɗaya bayan ɗaya kamar kaji a wurin ruwa. Ni ma na duba. Ba baƙin layi, ba kalmar murna. Suna a sama: Dagny Holm. Dalili a tsakiya: tana ba Gerda da Verner Lund haƙuri, ta sa su cikin matattu alhali suna raye, laifinta ne. Lokaci a ƙasa: daga takwas har faɗuwar rana. Ya buɗe nan take kuwa, har a tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi.

Ta taho daga tasha da rigar ruwanta shuɗiya, tana tafiya kamar wadda za a cire wa haƙori. Kowane mai sanda ta tsaya ta ba shi hannu. Holger ya cire mata hula. Mai furanni ta fito ta rungume ta, ta sake yin kuka, ita dai ba ta rasa dalili. A ƙofar gidanmu Inna na tsaye da faranti. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga Inna ta gyara mata wuyan riga ta cusa mata kek a hannu, ta juya ta shige kamar an kira ta.

Na tare ta a gaban gidan burodi, inda mutane suka fi yawa, don ba na son ɓarnar magana mai kyau.

"Jama'a, ku ba da hanya!" na ce. "Ga mace ta farko tun kafuwar Denmark da aka ɗaga wa tuta arba'in don ta ce yi haƙuri! Sarauniya ma ba ta samu haka ba. 'Yar Kawu, yaya bakin? Bai tsage ba? In kira likita ya duba? A ce mutum ya sassaƙa wa kansa gurbi na musamman, shi kaɗai a duk tsibiri!"

Aka yi dariya. Dagny ta gama tauna kek ɗinta, ta share hannu a rigar ruwa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Wa ya ce maka nawa ne ni kaɗai? Gurbi bai san mai shi ba, duk sunan da aka zuba zai ɗauka. Kuma ni ba na sakin mazubi sai na gwada shi. Da sunanka na gwada, ɗan Goggo. Sau sittin da biyu, kowane da laifinsa daban, ban ƙirƙiri ko ɗaya ba. Suna nan a ajiye. Ka faɗa wa Holger ranar da za ka fara."